Sa'a Nawa Maharbi Ya Kan Yi A Dawa?

Iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu na ƙasar Musawa, muna yi muku sannu da aiki, da barka da kaka. Ga hatsi ya shiga rumbu, an kai auduga ma'auni, ciyawa ta bushe, sanyi ya sauko. Kowa ya san abin da ke biye da wannan. Ba da daɗewa ba za a fara jin ganga da haushin karnuka tun da asuba. Lokacin farauta ya zo ke nan.

Ga abin da ya sa muka ɗauko wannan magana. Ran nan, bayan an tashi daga aji, wata mata ta tare mu da tambaya. Ta ce maigidanta maharbi ne. Ya kan fita tun assalatu, ba ya dawowa sai bayan lisha, sau da yawa kuwa hannu wofi. Ita da yara ba su iya barci sai sun ji motsinsa a zaure. Tana so ta sani, shin haka sana'ar ta ke tun asali, ko kuwa akwai iyakar lokacin da ya kamata mutum ya yi a dawa?

Waɗansu suka yi dariya. Mu ba mu yi ba, gama tambayar mai nauyi ce. A cikinta akwai zancen rai, da na gona, da na naman dajin kansa. Saboda haka muka zauna da tsofaffin maharba, muka ji ta bakinsu, muka haɗa da abin da masana halin dabbobi suka tabbatar. Abin da muka samo shi ne za mu gaya muku yau.

NAMAN DA MU KE MAGANA A KAI

Ba zancen zomo ko gafiya ko zabon daji mu ke yi ba. Muna zancen manyan abin harbi masu kofato, watau gada, da barewa, da mazo, da batsiya, da kwanta-rafi. Dā akwai mariya da kanki da gwanki a dazuzzukan ƙasar Hausa. Yau yaranmu da yawa ba su san su ba sai a tatsuniya da karin magana.

Wadda ta fi jurewa kusa da mutane ita ce gada. Ƙarama ce, ba ta fi akuya ba. Namijin ne ke da ƙaho. Ba ta yawo a garke, ɗai-ɗai ta ke zama, ko biyu-biyu. Tana cin ganye da fure da 'ya'yan itatuwa da suka faɗo. Ta kan yi kwanaki ba ta je rafi ba, don ruwan da ke cikin ganye ya ishe ta. Barewa kuwa ta fi son fili mai ƙaya da gajerar ciyawa, ta kan yi 'yar ƙungiya. Mazo shi ne na kurmi da bakin rafi.

YADDA GADA TA KE RABA YININTA

In kana so ka san lokacin maharbi, fara sanin lokacin naman. Gada mai tuƙa ce, kamar akuya da saniya. Ku dubi awakinku. Da safe su kan ci da sauri, su cika tumbi. Da rana ta take sai su nemi gindin katanga su kwanta, suna tuƙa. Sai rana ta yi sanyi su sake tashi kiwo. To, haka gada ta ke, haka barewa, haka mazo.

Tun alfijir gada tana tsaye tana kiwo, har rana ta ɗan ɗaga. Da hantsi ya dubi ludayi, ta nemi sarƙaƙiya ta shige. Can za ta kwanta, ba motsi, launin jikinta ya saje da busasshen ganye. Kana iya wucewa taki goma daga gare ta ba ka sani ba, alhali kuwa ita tana kallonka. Ba ta fitowa sai la'asar. Inda mutane suka matsa mata kuwa, ta kan ƙara jinkiri, ta mai da yawancin kiwonta cikin dare.

Ashe yinin gada yana da ƙofa biyu, ɗaya da sassafe, ɗaya da maraice. Tsakaninsu a rufe ya ke.

YININ MAHARBI NA ƘWARAI

Tsofaffin maharba sun san wannan tun ba su da agogo. Agogonsu shi ne rana da inuwa. Bari mu bi ɗayansu mu ga yadda ya ke yi.

Ya shirya kayansa tun da dare: kwari da baka ko adaka, da wuƙa, da gorar ruwa. Ya yi asuba, ya fita. Kafin gari ya waye sarai ya isa wurin da ya riga ya ga sawu jiya. A wannan lokaci kome yana taimakonsa. Iska ba ta tashi ba tukuna, sawun daren jiya yana nan raɗau a kan ƙasa, bai shafe ba. Busasshen ganye ya yi laushi da sanyin dare, ba ya ƙara ƙwarai in an taka. Ya duba inda iska ta ke kaɗawa, ya fuskance ta, don kada ta kai wa naman warinsa. Ko dai ya yi sanɗa, ko ya hau itace ya yi bago, ko ya ɗaura burtu a goshi ya duƙa yana tafe kamar tsuntsu.

Da hantsi ya yi, iskar hunturu ta tashi da ƙura, sawu ya fara shafewa, ganye ya bushe ƙayau, nama ya kwanta. Ko ya samu, ko bai samu ba, maharbi ya san kasuwar safe ta tashi. Sai ya juyo gida.

Bari mu sa wannan a agogo. A nan ƙasar Musawa, cikin watan Janairu, rana ta kan fito wajen ƙarfe 7 saura kaɗan, ta faɗi wajen ƙarfe 6 da minti 20. Cikin Afrilu ta kan fito wajen ƙarfe 6 da kwata, ta faɗi wajen ƙarfe 7 saura minti 20. Fitar safe daga wajen ƙarfe 6 ce zuwa 9 da rabi, watau sa'a 3 da rabi. Fitar yamma daga bayan la'asar ce, wajen ƙarfe 4, zuwa faɗuwar rana, watau sa'a 2 da rabi. Ku haɗa. Sa'a 6 ke nan.

To, ga amsar tambayar baiwar Allah nan. Aikin harbi na ainihi bai wuce sa'a 6 a yini ba, kuma kashi biyu ne. In dajin na kusa ne, mutum ya dawo gida tsakani, ya ci abinci, ya yi wani aiki. In da nisa, ya nemi inuwar tsamiya ko ɗorawa ya zauna, ya huta kamar yadda naman ya ke hutawa. Yawon da a ke yi daga walaha zuwa azahar ba harbi ba ne, wahala ce kawai.

Hausa tana da kalma guda mai ma'ana biyu. Sa'a ita ce ta agogo, sa'a kuma ita ce dace. Ku riƙe wannan: yawan sa'o'i ba shi ke kawo sa'a ba. Sanin lokaci ke kawo ta, da yardar Allah.

FARAUTAR TARO

Wani zai ce, ai mu 'yan farauta da rana tsaka mu ke tayar da gada. Gaskiya ne. Farautar taro dabam ta ke da harbi. Maharbi shi kaɗai ya ke, yana jiran nama ya fito. 'Yan farauta kuwa da yawa su ke, da karnuka da gora da barandami da makaɗa. Su kan jeru, su shiga daji da ihu, su tayar da nama daga makwancinsa. Don haka su kan taru da hantsi, su yini suna gudu, sai magariba a ga ƙurarsu. Wata farautar ma ta kwana ce, a yi kwana biyu, ko uku, ko fiye.

Ba mu raina wannan al'ada ba. Ta kakanninmu ce, a cikinta samari su ke koyon jimiri da zumunci. Amma dā tana da tsari. Ba a fara ta sai an yi buɗin daji. Sarkin Dawa ko Sarkin Baka shi ke faɗin ranar, da dajin da za a shiga, da wurin da za a tsaya. In ya ce a juya, an juya. Ku tambayi dattawa, za su gaya muku cewa yawancin rigimar farauta can wajen la'asar ta ke tashi, sa'ad da kowa ya gaji, ƙishirwa ta ci ƙarfinsa, mutum biyar suna jan zomo ɗaya. Mai yunwa da ƙishirwa ba shi da haƙuri, ga shi kuwa da makami a hannu.

ABIN DA YA SA SA'O'I SUKA ƘARU

Wani tsohon maharbi ya gaya mana cewa a zamanin ƙuruciyarsa ya kan fita bayan asuba, ya dawo da gada kafin a sauke koko. Jikansa kuwa ya kan yini, ya kwana, ya dawo da kurciya biyu. Shin jikan rago ne? A'a. Dajin ne ya sāke.

Ku duba da kanku. A ƙidayar 1963 mutanen Nijeriya duka wajen miliyan 56 ne. A ƙidayar 2006 sun kai miliyan 140. A wannan ƙidaya ta 2006, ƙaramar hukumar Musawa kaɗai tana da mutum fiye da 170,000, watau wajen mutum 200 a ko wace murabba'in kilomita. Tun daga sa'an nan kuwa ƙaruwa mu ke yi. Ko wane gida yana bukatar gona, da itacen girki, da wurin kiwo. Daga nan har Malumfashi da Funtua, gona ce ke bin gona: masara, da dawa, da auduga, da waken suya. Saurar da a kan bari dā ta huta shekara da shekaru, yanzu ba a barinta. Ina gada za ta kwanta?

Sa'an nan ku dubi haihuwarta. Akuya ta kan yi wata 5 da ciki, sau da yawa ta haifi biyu, ga mai ita yana ba ta dusa, yana tsaronta. Gada ta kan yi wata 6 zuwa 7, ta haifi ɗaya tak. Barewa ma wajen wata 6, ɗa ɗaya. Ba mai ba su dusa, kowa neman su ya ke yi. Barewar ƙasarmu mai jan goshi har ta shiga jerin dabbobin da masana na duniya su ke tsoron ƙarewarsu.

Saboda haka, in ka ga kana ƙara sa'o'i a dawa kana rage abin da ka ke kawowa, dajin ne ke yi maka magana. Yana gaya maka abin da ke cikinsa ya kusa ƙarewa. In rijiya ta ja baya, mai hankali ba ya ta zura guga har ya kwaso laka. Ya kan saurara ta taru. Wanda ya ce zai rama da daɗewa, shi ne zai kashe 'yar ragowar da za ta haifi na baɗi.

HASARAR DA DAƊEWA TA KE JAWOWA

Ta farko, rana. Cikin Maris da Afrilu zafi a ƙasarmu ya kan kai awo 40 a ma'aunin zafi. Mutumin da ke tafiya cikin irin wannan rana ya kan zubar da gumi wajen lita guda a sa'a guda. Gorar da ka rataya lita nawa ta ke ci? In ta ci 2 ko 3, to, kafin azahar ta ƙare. Alamun da za ka lura da su ga su: ciwon kai, da jiri, da fitsari kaɗan mai duhu. In ka ga abokin tafiyarka ya fara sambatu, ko yana tangaɗi, maza a kai shi inuwa, a kwance masa kaya, a jiƙa jikinsa, a yi masa fifita. In yana iya haɗiya a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, sa'an nan a nufi asibiti da shi. Zafin rana yana kisa. Karnuka ma haka, gama kare ba ya gumi kamar mutum, sai haki. Kare nagari da yawa ya mutu a dawa ba don ƙahon nama ba, sai don ƙishirwa.

Ta biyu, naman kansa. Wanda ya sami gada da safe, ya saɓa ta ya ci gaba da yawo wai ko ya ƙara wata, kafin la'asar cikinta ya kumbura, ƙuda ya bi ta. Ya kawo wa iyalinsa ciwon ciki, ko ya kai kasuwa a taya masa rabin kuɗi. In ka samu, ka yanka, ka fid da kayan ciki nan take, ka nufi gida. In da nisa, ka yi banda. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ta uku, ido. Mutumin da ya yini bai ci ba, bai sha ba, bai kama kome ba, da almuru idonsa ya kan nuna masa abin da zuciyarsa ta ke so. Ya ga motsi a bayan sabara, ya ce gada ce. Ashe ɗan Fulani ne ya duƙa yana ɗaure maraƙi, ko mace ce mai ɗiban itace, ko ɗan'uwansa maharbi. Harsashi ba ya jin "na tuba". Ga doka guda wadda ba ta da togiya: kada ka harbi abin da ba ka ga kansa da ƙafafunsa sarai ba. In haske bai isa ka bambanta akuya da tunkiya daga nesa ba, lokacin harbi ya wuce.

Ta huɗu, maciji. Kububuwa da kāsā da magariba su ke fitowa, su kwanta a kan turba inda ƙasa ta ke da ɗumi. Mai dawowa cikin duhu, a gajiye, da silifa, shi ne abokin karonsu. In tsautsayi ya auku, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana mutumin tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti inda a ke da allurar dafin maciji.

Ta biyar, halin da ƙasa ta shiga. Ba sai mun gaya muku abin da ɓarayin daji suka yi wa ƙasar Katsina a shekarun nan ba, ko yadda Dajin Rugu ya zama maɓoyarsu. A 2023 gwamnatin jiha ta kafa rundunar tsaro ta 'yan ƙasa don taimaka wa soja da 'yan sanda. To, mutumin da aka gani da bindiga a bayan gari cikin dare, wa zai tsaya ya tambaye shi ko maharbi ne? Yana tsakanin wuta biyu. Ɓarayi su gan shi su ce ɗan sa-kai ne, masu tsaro su gan shi su ce ɓarawo ne.

Ƙarancin nama ya sa waɗansu mafarautan Arewa su kan shiga mota su tafi Kudu, su yi makonni. Kun ji abin da ya faru cikin watan Maris na 2025 a garin Uromi na jihar Edo. Mafarauta 16 mutanen jihar Kano suna kan hanyar komawa gida don Salla, aka tare motarsu, aka ga bindigogin harbi, aka ce masu satar mutane ne, taron jama'a ya kashe su. Zalunci ne aka yi musu, Allah ya ji ƙansu. Amma mu ɗauki darasi: ko wane taki da ka ƙara nesa da inda aka san ka, ka ƙara nesa da mai shaidarka.

Ta shida, gona. Bari mu yi ɗan lissafi tare. A ce mutum yana fita sau 3 a mako, ko wace fita sa'a 12. Sa'a 36 ke nan a mako. A ce rani ya ba shi mako 16. In ka buga 36 sau 16, ka sami sa'a 576. Wanda ya tsaya a kan sa'a 6 kuwa, rabin wannan ya kashe, watau 288. Ragowar 288 ɗin, in ka raba ta yinin aiki na sa'a 8, ta ba ka kwana 36. Kwana 36! Taki nawa za ka kai gona a kwana 36? Ka yi sassabe, ka gyara rumbu, ka yi wa ɗaki baibaya, ka shiga fadama ka dasa albasa da tumatir. Wanda ruwan fari ya same shi bai kai taki ba, naman gada ba zai ciyad da gidansa cikin Agusta ba.

HARBIN DARE

Waɗansu da suka ga yini bai ishe su ba, sai suka ƙara da dare. Su ɗaura fitila a goshi, su haske daji. Hasken ya kan ɗauke idon gada ta tsaya cik, a harbe ta. Wannan ba gwaninta ba ce. Mai fitila ido biyu kawai ya ke gani suna ƙyalli. Bai san ko namiji ne ko mace ba, ko mai ciki, ko mai shayarwa, ko ma ɗan maraƙin wani. Dare shi ne mafakar da ta rage wa gada. In aka ƙwace mata shi, shi ke nan.

Hukuma ma ta san da haka. Tun 1963 Jihar Arewa ta kafa dokar namun daji, wadda ta ware waɗanda ba a taɓawa sam, da waɗanda sai da lasin. A 1968 ƙasashen Afirka suka ƙulla yarjejeniya a birnin Aljiyas, suka amince a hana farautar dare, da farauta da wuta, da bin nama da mota. Nijeriya tana cikin masu wannan alkawari. Akwai kuma wuraren da aka keɓe, ba a harbi a cikinsu ko da rana ko da dare, kamar Yankari ta ƙasar Bauchi, wadda aka keɓe tun 1956, da Kamuku ta Birnin Gwari, da Falgore ta ƙasar Kano. Adaka ma sai da lasin a ke riƙe ta.

YADDA WAƊANSU SUKA YI

Kada ku ce abin da ya tafi ba ya dawowa. A Amurka akwai wata irin barewa mai farar wutsiya. Namijinta yana da ƙaho mai rassa kamar itace, ya kan zubar da shi ko wace shekara wani ya tsiro. Babu irinta a dajinmu. Mutanen can suka yi ta harbinta ba dare ba rana, suna sayar da nama da fata, har wajen 1900 aka ƙiyasta ba ta fi rabin miliyan ba a ƙasar duka.

Sai suka farga. Suka sa wa harbi watanni, suka sa iyakar abin da mutum guda zai kashe, suka hana harbi da fitila. Suka sa masa sa'o'i kuma: a jihohi da yawa ba ka da iko ka harba sai daga rabin sa'a kafin fitowar rana zuwa rabin sa'a bayan faɗuwarta. A 1937 suka yi doka, harajin bindiga da harsashi ya riƙa tafiya wajen kula da daji. Yau ana ƙiyasta wannan barewa ta kai wajen miliyan 30. Maharbansu ma sun shaida cewa sassafe da maraice su ne lokutan samu. Waɗansunsu su kan yini a kan itace, amma ku tuna lokacin harbinsu na tsananin sanyi ne, ba irin ranarmu ta bazara ba.

Ba mu ce ƙasarsu ɗaya da tamu ba. Sun fi mu fili, sun fi mu kuɗi. Amma abin da ya ceci barewarsu ba kuɗi ne kaɗai ba. Maharba ne suka yarda su ɗaure hannunsu da kansu. Wannan kuwa kakanninmu sun riga su sani, shi ya sa ba su shiga dawa sai an buɗe, in damina ta faɗi kuma su rataye baka su ɗauki fartanya.

ABIN DA MU KE ROƘONKU

Maharba, ku fita da asuba, ku juyo da hantsi. In za ku koma, ku koma bayan la'asar, faɗuwar rana ta same ku kuna kan hanyar gida. In kun samu da safe, ku bar na yamma, don tuwon gobe a ke wanke tukunya.

Kafin ka fita, ka gaya wa mutanen gidanka dajin da ka nufa da lokacin da za ka dawo, ka kuwa cika. In sun san lokacinka, ranar da ka makara za su fita nemanka tun da sauran haske. Wanda ba shi da lokacin dawowa, ba a sanin ya ɓata sai gobe.

Ka bar mace mai ciki da mai ɗa a baya. Ba ka yanka akuyarka mai ciki, don me za ka harbi ta dawa? Kada ka sa wa daji wuta.

Shugabannin farauta, ku sanar da mai unguwa da dagaci kafin ku fita, su sanar da na garin da za ku ratsa. Ku ƙidaya mutanenku da safe, ku sake ƙidaya su kafin ku juyo. Ku tsai da wurin taruwa da lokacinsa tun a gida. Da rana ta take a sauka inuwa, mutane su sha, karnuka su sha. Yara ƙanana su zauna a gida.

Ku kuma dattawa, ku zauna da Sarkin Dawa ku duba, ko akwai wani kurmi ko bakin rafi da za a ce an bar shi shekara biyu ko uku ba a shiga da kare ko bindiga. Abin da ya hayayyafa a ciki, ai ba zai tsaya a ciki ba, zai fito ya same ku.

Ita kuwa baiwar Allah da ta yi tambaya, mun koma mun gaya mata abin da muka gaya muku. Ta ce ita ba za ta iya faɗa wa maigida ba, sai dai in a bakin maza ya ji. To, ga shi mun faɗa a gaban maza. Wanda ya ji, ya kai wa wanda bai zo ba. An ce daji ba shi da ƙyaure. Tun da haka ne, kowa sai ya yi wa kansa ƙyaure, ya san lokacin buɗewa da na rufewa.

Ga tambayoyi uku da za ku tattauna a tsakaninku kafin haɗuwarmu ta gaba. Waɗanne namun daji ne kakanninku suka sani a ƙasar garinku waɗanda babu su yanzu? Sa'a nawa maharban garinku su kan yi a dawa, me kuma su ke kawowa? Wane wuri ne kusa da ku ya kamata a bar shi ya huta?

Allah ya tsare mai fita, ya dawo da shi gidansa lafiya, ya kai mu damina da rai da lafiya. Haza wasalam.